Masu dubiya, mu bar majinyata su yi barci

Duk wanda ya taɓa kwana jinya a asibiti a Jos ya san idon majinyaci ba ya samun hutu da dare. Janareta na ruri a bayan taga, tayar gadon turawa na ƙugi a baranda, mai jinya a gadon kusa ta sa waya a lasifika tana ba 'yan uwa na Bukuru labari: "Jikin da sauƙi, har ya ɗan sha kunu." Shi kuwa wanda aka yi wa tiyata da safe yana kwance ido biyu.

Tun 1999 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙara a ɗakin majinyata ta wuce desibel 30 a ma'aunin ƙarfin sauti, wato kamar raɗa. Hirar mutum biyu kaɗai tana kaiwa wajen 60. Hayaniya tana katse barci, tana ɗaga bugun zuciya da hawan jini ko da mutum bai farka sarai ba. Tsoho idan ya jera darare bai runtsa ba yana iya rikicewa ya shiga sambatu, dangi su ce ciwo ne ya yi tsanani, wasu ma su fara cewa aljanu ne.

Abin da ya fi damuna shi ne kaso mai yawa na wannan hayaniya mu ne muke kawo ta. Dubiya haƙƙi ce, ba mai musu, kuma a Jos masallaci da coci kowa na tura tawagarsa. To amma mutum goma su kewaye gado ɗaya da kulolin abinci, a gama "ya jiki" a zarce hirar siyasar Filato har sai nas ta ɗaga murya, wa aka taimaka? Mara lafiya ba zai ce wa surukinsa ya tashi ba, kunya ba za ta bar shi ba. Malamai sun daɗe suna cewa a taƙaita zama wurin mara lafiya: a yi sannu, a yi addu'a, a kama hanya.

Hukumomin asibiti su ma da nasu aikin, kuma yawancinsa ba ya cin kuɗi. A tsayar da lokacin shiru daga ƙarfe 10 na dare zuwa asuba, a rage hasken fitila, a sa wa tayoyi mai, masu dubiya su shiga bibbiyu, mai son amsa waya ya fita waje. Awon da likita ya ga zai iya jira, a bar shi sai gari ya waye. Limamai da fastoci kuma su faɗi wannan a kan mumbari, don maganarsu ta fi takardar da aka manna a ƙofar ɗaki shiga kunne.