Mai son finafinan ban tsoro ya fi ƙarfin kundin hotuna

Da zarar watan Oktoba ya kama, Turawa suka fara shirin Halloween, bikin da suke shigar dodanni da fatalwa, sai shafukan nishaɗi su cika da jerin littattafan da wai duk mai son finafinan ban tsoro ya kamata ya mallaka. Bana ma ba ta sauya zani ba. Na bi jerin nan ɗaya bayan ɗaya har na gaji, kusan duk tafiyarsu guda: ko dai ƙaton kundi mai nauyin bulo cike da fastoci da fuskokin dodanni, ko kuma irin littafin nan mai lissafo finafinai ɗari, kowane fim a ba shi layi biyar da taurari uku a wuce.

Rainin da ke cikin lamarin shi ke ɓata mini rai. Masu haɗa jerin nan sun riga sun yanke hukunci cewa mai kallon fim ɗin tsoro jini kawai yake nema, don haka a miƙa masa hoto ya kalla ya yi shiru. Da sun buɗe Danse Macabre, littafin da marubucin labaran tsoro Stephen King ya fitar a 1981, da sun ji kunya. King ya kasa tsoro gida uku: firgicin abin da ba ka gani ba, wanda shi ne mafi daraja, sai razanar ganin abin ƙiri-ƙiri, sai ƙyama a can ƙasa. To me kundin hotuna zai iya kamawa? Na ƙasan nan kaɗai. Fim ɗin The Texas Chain Saw Massacre na 1974 mutane na tuna shi kamar mahauta, alhali jinin da aka nuna a cikinsa kaɗan ne ƙwarai. Ƙarar inji da ihu da abin da zuciyarka ta ƙarasa da kanta su suka yi aikin, kuma babu fastar da za ta ɗauko maka wannan.

Littafin da na fi jin zafin rashinsa a jerin nan shi ne Men, Women, and Chain Saws na Carol J. Clover, na 1992. A lokacin farfesa ce a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, kuma asalin fagenta tsohon adabin ƙasashen Arewacin Turai ne. Ta zauna ta kalli finafinan yanka da masana ke toshe wa hanci, ta lura da abin da kowa ke gani amma bai faɗa ba: a ƙarshe yarinya ɗaya ce ke tsira, ita ke tsayawa gaba da gaba da makashin, kamar Laurie a Halloween na 1978. Sai ta yi tambayar da ta rikita lissafi. In har samari ne suka fi cika gidan kallo, kuma ana cewa daɗin ganin ana azabtar da mata ke kawo su, me ya sa suke komawa bayan yarinyar suna yi mata tafi? Amsarta ita ce samarin suna saka kansu ne a matsayin yarinyar, kuma kana iya ƙin wannan amsa. Ni ma ban saye ta duka ba. Amma bayan ka karanta, ba za ka sake kallon irin fim ɗin da idon da ka saba ba.

Haka The Monster Show na David J. Skal, na 1993, wanda ya ɗaura dodannin allo da fargabar zamaninsu: sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya da fuskoki a lalace, da karayar tattalin arzikin da Amurka ke ciki lokacin da Dracula da Frankenstein suka fito a 1931. Robin R. Means Coleman kuwa, a Horror Noire na 2011, ta bi sawun baƙar fata a wannan fage. Ka tuna Night of the Living Dead na George Romero: baƙin mutum ne jarumi, ya kwana yana faɗa da gawarwaki masu tafiya, gari ya waye, 'yan sintiri farare suka harbe shi. Fim ɗin ya fito a 1968, watanni kaɗan bayan kashe Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata a Amurka. Wannan kuma layi biyar za a ba shi?

A ɓangaren finafinan 'yan gani-kashe-ni, wato waɗanda wani rukunin masoya ke mutuwar so suna ta maimaita kallo, abin ya fi muni. Yanzu duk fim ɗin da ya faɗi a kasuwa sai a laƙaba masa wannan suna, har ma akwai kamfanonin da ke tallata sabon fim da shi tun kafin kowa ya gani. Midnight Movies na J. Hoberman da Jonathan Rosenbaum, na 1983, ya nuna cewa 'yan kallo ne ke ba fim wannan matsayi. A ƙarshen 1970 gidan sinima na Elgin a birnin New York ya fara haska El Topo da tsakar dare, mutane suka yi ta dawowa wata da watanni. The Rocky Horror Picture Show bai yi kasuwa ba a 1975, sai da aka mai da shi tsakar dare a shekarar da ta biyo baya, masoya suka riƙa zuwa da shigar 'yan wasan suna mayar wa allo magana. Midnight Movies labarin waɗannan mutanen yake bayarwa, da garin da suka rayu, da abin da ya hana su barci.

Masu cewa nazari yana kashe daɗin fim, ban ga abin tsayawa musu da su ba. Wanda sani ke rage masa daɗi da ma kallon kitse yake yi wa rogo. Akwai kuma masu cika jerinsu da ƙagaggun labaran da aka mayar fim. Babu laifi, a karanta Frankenstein na Mary Shelley na 1818, ko don a ga cewa halittar da fim ɗin 1931 ya mayar bebe mai gurnani, a littafin mai fasahar magana ce har tana karatu. Sai dai wannan adabi ne, ba littafi kan sinima ba, kuma cakuɗa su lalaci ne.

Ba jerin sunaye nake ƙi ɗungurungum ba. Cult Movies na Danny Peary, na 1981, finafinai ɗari ne cif, amma kowanne ya samu doguwar muhawara, marubucin na yabo yana suka, wani lokaci har ya caccaki fim ɗin da masoyansa ke bauta wa. Editocin shafukan nan su nemi wanda ya taɓa karanta ko da biyu daga cikin waɗannan su ba shi aikin, masu buga littattafai kuma su daina barin irinsu suna ƙarewa a kasuwa. Kundin fastocin a bar shi kan teburin falo, baƙi su riƙa buɗawa kafin mai gida ya fito.