Burmi ta cancanci kulawa

Na gode da wannan rahoto mai kira da a gyara filin yaƙin Burmi da ke kusa da Bajoga a Jihar Gombe. A nan ne sojojin Birtaniya suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya tare da ɗaruruwan mabiyansa ranar 27 ga Yuli, 1903, bayan ya baro Sakkwato da niyyar hijira gabas, kuma a nan ne Manjo Marsh, jagoran maharan, ya rasa ransa. Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ƙarasa Sudan da ragowar jama'a, inda zuriyarsu take har yau. A ganina, wajibi ne hukuma ta kewaye kaburburan, ta kafa alluna da boko da ajami, sannan ta damƙa kulawar wurin ga mazauna yankin.