Sai maballi ɗaya ya amsa maka tukuna, React ba inda za shi

Wai me ya sa da zarar mutum ya ɗan iya HTML da CSS sai ka ji yana tambaya React zai fara ko Vue, wato kayan aikin da aka gina a kan harshen JavaScript? Haba jama'a. Bai taɓa sa maballi ko guda ya amsa dannawa da hannunsa ba, amma ya ɗauko kayan da aka ƙera don manyan manhajoji, ya kwana yana girke-girke a kwamfuta, gari na wayewa allo ya cika da jan rubutu, shi kenan sai ya yanke hukunci wai kansa ba ya ɗaukar kodin. To ina zai ɗauka, an ɗora masa jinka tun bai kafa ginshiƙi ba.

Ni dai a ganina duk mai son shafinsa ya motsa, ya fara da JavaScript zalla, wanda yake zaune cikin burauzarsa tun tuni ba sai ya sauke komai ba. Buɗe Chrome ko Firefox, danna F12, shiga Console, wurin gwada kod da ganin kurakurai, ka rubuta 2 + 2 ka buga enta, ka ga 4 ta fito? To ka fara kenan. Kuma aikin farko duk bai wuce abu uku ba wallahi, ka nemo abu a shafin, ka zauna jiran a taɓa shi, in an taɓa ka canza wani abu. Burauza in ta karanta HTML ɗinka tana jera komai reshe-reshe a ƙwaƙwalwarta, shi ake kira DOM, sai ka kamo maballin da document.querySelector, ka liƙa masa addEventListener ya riƙa sauraron click, a ciki ka sa classList.toggle ya cire ko ya mayar da wani aji na CSS. Layi uku zuwa huɗu. Da su ake yin menu ɗin nan mai buɗewa da rufewa a waya, da su ake mayar da shafi baƙi da dare, da su ake ɓoye amsa sai an danna tambaya.

Abin da ya sa nake nacewa shi ne a nan ne mutum ke cin karo da kurakuran da ke koyar da shi yadda burauza ke tunani. Misali ka sa script ɗinka can sama cikin head, maballin kuma yana ƙasa, ka danna ka danna shiru, ka leƙa Console ka tarar da Cannot read properties of null. Ba wani aljani ba ne, burauza daga sama take karantowa zuwa ƙasa, lokacin da kod ɗinka ya je neman maballin ba a kai ga gina shi ba tukuna. Ka ƙara defer a jikin script ɗin in daga fayil na daban yake ɗauko kod ɗin, ko ka sauko da shi ƙarshen body, magana ta ƙare. Ko ka yi ɗan kalkuleta, ka sa 5 a akwati ɗaya 1 a ɗayan, ka danna tarawa ya ba ka 51 ko kunya babu, saboda duk abin da ya fito daga akwatin fom rubutu ne a wurinsa, alamar tarawa kuma in ta haɗu da rubutu mannawa take yi, sai ka bi da shi ta Number kafin lissafi ya yi daidai. Irin wannan halin na JavaScript na da asali, Brendan Eich ne ya haɗa shi a kamfanin Netscape a 1995 cikin kusan kwana 10, kuma har yau ba a iya goge yawancin tsofaffin halayensa don tsofaffin shafuka za su lalace. Sunan ma na talla ne, lokacin wani harshen kodin mai suna Java na tashe, ban da haka hanyarsu daban.

A kula da bidiyoyin koyarwa kuma don Allah. In ka ga malamin ko ina var yake rubutawa yana watsa alamar dala, tsohon yayi ne, alamar dalar ta jQuery ce, wani tarin kod na sauƙaƙa JavaScript da ta fito a 2006 lokacin da Internet Explorer ke ba mutane ciwon kai. Ta yi rana sosai, ba na raina ta, amma burauzocin yanzu suna yin yawancin aikin da kansu, kuma tun 2015 aka shigo da let da const a madadin var wajen ba abu suna a kod. Shafin MDN na Mozilla ya fi min bidiyo goma. ChatGPT ma ban hana ba, kawai in ya ba ka kod ka titsiye shi ya faɗa maka aikin kowane layi, kar ka kwafa ka manna ka yi gaba.

Wani abu da masu koyo ke wasa da shi yana ba ni tsoro, mutum ya sa JavaScript ya duba fom sai ya ɗauka ya yi tsaro. Ina! Duk wanda ya san F12 zai iya tsallake duban nan, dole saba (server), wato kwamfutar da ke karɓar fom ɗin, ta sake dubawa a can. Haka kuma rubutun da baƙo ya shigar kar ka zuba shi cikin innerHTML, ta nan ake cusa mugun kod a shafi, textContent ya ishe ka.

Su React ɗin suna da amfaninsu fa, Facebook ta sake shi ga jama'a a 2013 don maganin ruɗanin da ke tasowa in abu ɗaya ya canza kuma wurare da yawa a allo dole su canza tare da shi. Sai dai ba za ka ga hikimarsa ba sai ruɗanin ya taɓa kama ka. Ka gina jerin ayyukan yini da hannunka, a ƙara, a goge, a yi wa wanda aka gama alama, adadin da ya rage yana sauyawa a sama, sannan ka sa ya tuna komai ko an rufe shafin ta hanyar localStorage. Shi ma rubutu kawai yake ajiyewa, don haka sai ka bi da jerin ta JSON.stringify wajen ajiya, JSON.parse wajen ɗaukowa, in ba haka ba [object Object] za ka tarar a madadin ayyukanka.