Ba bitar juriya ɗalibin fisiyo ke buƙata ba

Wata al'ada ta fara zama ruwan dare a makarantun da ke horar da likitocin gashin ƙashi, wato fisiyo, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Da zarar an lura ɗalibi yana tangal-tangal a lokacin horon asibiti, sai a tura shi taron bita kan juriya da sarrafa damuwa, a koya masa yadda zai ja numfashi ya kwantar da hankalinsa, a miƙa masa lambar mai ba da shawara, sannan a mayar da shi ɗakin majinyatan da ya fito ba tare da an sauya masa komai ba. Makaranta ta rubuta a fayil cewa ta ba shi tallafi. Idan sakamako ya fito ya faɗi, sai kowa ya wanke hannunsa, a ce ai an yi masa iya abin da za a iya.

Ɗalibin da ke fama da ciwon damuwa na haƙiƙa likita yake buƙata, wannan babu gardama a kansa. Abin da nake ƙi shi ne tunanin da ke ƙarƙashin wannan al'ada, wato cewa duk wanda ya kasa a asibiti rauni ne a zuciyarsa, don haka zuciyar za a gyara. Wannan tunani yana da daɗi ga masu mulkin makarantu domin yana da araha, kuma yana ɗora laifin gaba ɗaya a kan wanda ya fi kowa ƙarancin iko a cikin tsarin.

Mu dubi abin da ke faruwa a bakin gado. Ga dattijo da aka sauya wa ƙashin ƙugu jiya, an ce ɗaliba ta tashe shi tsaye a karon farko. Ta san darasin sarai, ta ci jarrabawarsa a aji. Amma a aji babu robar ƙarin ruwa a hannun majinyaci, babu robar fitsari da ke rataye a gefen gado, babu ɗansa da ke tsaye yana tambaya ko ɗinkin ba zai warware ba. Ta manta ba ta auna jininsa ba kafin ta zaunar da shi, ta manta ba ta daidaita tsayin gadon ba, abin dogarawar kuma yana can nesa da inda hannunta zai kai. Dattijon ya ce jiri yana ɗibarsa, sai ta daskare. Mai horar da ita ya matso ya karɓe aikin, ya kwantar da majinyacin, ya wuce gado na gaba domin akwai mutane da dama da ke jiransa kafin a tashi aiki. A takardar tantancewa ya rubuta cewa ba ta da ƙarfin gwiwa.

Ƙarfin gwiwa ba shi ne abin da ya ɓace mata ba. Abin da ba ta iya ba shi ne jera matakai bi da bi a lokacin da abubuwa biyar ke neman hankalinta, kuma wannan fasaha ce da ake koyarwa. A tsaya da ita minti uku a ƙofar ɗaki kafin ta shiga, ta faɗi da bakinta abin da za ta fara dubawa, da abin da zai sa ta dakata, da inda za ta ajiye kowane kayan aiki, sai a ga bambanci cikin kwanaki kaɗan. Wani ɗalibin kuma matsalarsa daban ce: yana tara bayanai shafi guda daga majinyaci amma ya kasa zaƙulo wanne ne tushen ciwon. Wani ilimin sassan jikin ne bai zauna masa ba tun farko. Wani kuwa aikin dare yake yi don ya biya kuɗin makaranta, yana zuwa asibiti da idanu jajur. Haɗa waɗannan mutane a zaure ɗaya a yi musu lacca ɗaya kan juriya rashin adalci ne, kuma rashin sanin aiki ne.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne sana'ar da wannan ke faruwa a cikinta. Babu likitan fisiyo da zai tsaya a kan mai shanyewar ɓarin jiki ya ce masa ya ƙara ƙoƙari kawai zai yi tafiya. Sai ya gwada ƙarfin kowace tsoka, ya gano ko gwiwa ce ke lanƙwashewa ko ƙafa ce ke ja, ya rarraba tafiyar zuwa ƙananan matakai, ya maimaita su da shi har su zauna, ya sake aunawa bayan mako guda. Wannan ita ce hikimar sana'ar gaba ɗayanta. To me ya sa idan ɗalibi ne ya yi tuntuɓe sai a ajiye wannan hikima a gefe?

Amsar ba ɓoyayya ba ce: lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane kusan biliyan 2.4 ne ke da larurar da za su amfana da aikin farfaɗo da jiki, kuma a shekarar 2023 babban taron hukumar ya zartar da ƙudurinsa na farko kan ƙarfafa wannan fanni. Makarantu suna ƙara yawan ɗalibai don cike giɓin, amma gadaje da masu horarwa ba sa ƙaruwa da irin wannan sauri. A Birtaniya ana buƙatar ɗalibi ya yi aƙalla sa'o'i 1,000 na horon aiki kafin ya kammala, a Amurka kuma aƙalla makonni 30 cikakku. Duk waɗannan sa'o'i a wuyan ma'aikatan asibiti suke, mutanen da sau da yawa ba a rage musu ko majinyaci ɗaya ba saboda an haɗa su da ɗalibi. Shirya bita ta yini guda ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan samar wa mai horarwa sa'a ɗaya a kowace rana.

Kuma an daɗe da sanin inda gizo ke saƙar. A shekarar 2003 Kathleen Duffy ta gudanar da bincike a Birtaniya kan ɗaliban aikin jinya, inda ta nuna yadda masu horarwa ke barin ɗaliban da ba su cancanta ba su wuce, saboda sun makara wajen faɗin matsalar, ko sun ji tausayi, ko sun rasa goyon bayan makaranta. Makarar nan ita ce cutar, kuma fuska biyu gare ta. Ko dai a yi shiru har makon ƙarshe sannan a kayar da ɗalibi da laifin da bai taɓa jin sunansa ba, ko kuma a yi shiru har abada a sake shi ya je ya koyi darasin a jikin majinyaci. Takardun tantancewa irin wadda ake amfani da ita a Ostireliya, mai auna abubuwa 20, an tsara su ne a cike a tsakiyar horo da kuma ƙarshensa, domin a sami damar gyara. Amma takarda ba ta magana da kanta. Idan abin da aka rubuta a tsakiyar horo bai wuce "a ƙara himma" ba, ɗalibin bai tsira da komai ba.

Akwai masu cewa asibiti rariya ce, wanda bai iya ba ya kama gabansa. Waɗannan sun manta yadda hannunsu ya yi rawa ranar da suka fara taɓa majinyaci a sashen kulawa ta musamman. Masu cewa a ɗaga wa kowa ƙafa don kada a karya masa zuciya kuwa ba su ne za su kwanta a gadon ba.

Abin da nake nema ba mai wuyar fahimta ba ne. A faɗa wa ɗalibi matsalarsa tun a makon farko ko na biyu, da sunanta, tare da misalin majinyacin da ta bayyana a kansa. A rage wa mai horarwa yawan majinyata muddin yana da ɗalibi a hannunsa, kuma a koya masa yadda ake koyarwa, domin ƙwarewa a jinya daban take da ƙwarewa a horarwa. Malamin makaranta ya taka ƙafa ya zo asibitin da kansa tun kafin abu ya lalace, maimakon aiko da saƙo. Idan an yi duk wannan ɗalibi bai kai mizani ba, a kayar da shi a fili, a faɗa masa dalili, a ba shi damar maimaitawa a wani sashen ƙarƙashin wani mai horarwar. Kuɗin da ake kashewa wajen shirya bitar juriya, a fara karkatar da shi zuwa biyan sa'o'in da mai horarwa zai tsaya da ɗalibinsa a ƙofar ɗakin majinyata.