Ƙungiyoyin cikin garin Bauchi, ku koma kan ayyukanku na baya

Ƙungiyoyin taimakon al'umma sun yi yawa a Bauchi yanzu, kuma ni ban ga laifin yawansu ba. Kusan kowace unguwa ta cikin gari tana da tata: ta matasa, ta tsofaffin ɗalibai, ta 'yan kasuwa, ga 'yan agajin masallatai, ga irin su Rotary da suka zo daga waje suka samu gindin zama. Duk wanda ya taɓa kwana jinya a asibiti ya san amfaninsu. Su ke biyan kuɗin maganin wanda danginsa suka gaza, su ke cigiyar jini da tsakar dare a WhatsApp, su ke nome maƙabarta idan ciyawa ta rufe hanya. Rotary kuwa tun 1985 take cikin yaƙi da shan inna, har aka kai 2020 da aka tabbatar asalin ƙwayar cutar ta kau daga Afirka. Allah Ya saka wa kowa da alheri.

Magana ɗaya ce ke damuna. Mun iya ƙaddamarwa, ba mu iya kula ba.

A haƙa rijiyar burtsatse, a ɗora tanki, a kafa sola, a girke allo da sunan shugaba da na sakatare, a kira manya a yanke ƙyalle, a watsa hotuna a Facebook. Bayan shekara ɗaya ko biyu famfo ya tsaya, wani lokacin abin da ya lalace bai taka kara ya karya ba. Shugabannin da suka yi aikin sun sauka, sababbi kuma nasu sabon aikin suke so, wanda za a rubuta sunansu a kai. Mutanen unguwa su koma sayen ruwa wajen 'yan garuwa, allon yana nan tsaye, fentinsa ma bai koɗe ba.

Abin mamakin shi ne yawancin ƙungiyoyin nan da tarihin gari suke tunƙaho. Dubi tambarinsu da rigunansu, hoton ƙofa za ka gani. Ƙofar Ran, Ƙofar Wunti, Ƙofar Nassarawa, Ƙofar Dumi, Ƙofar Wambai, kowa na alfahari da tasa. To ai ganuwar da ta haɗa ƙofofin nan, wadda aka kewaye garin da ita bayan Malam Yakubu ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu ya kafa Bauchi wajajen 1809, da ƙasa aka gina ta. Kowa ya san halin ginin ƙasa: damina ta ci, rani a koma a yi yaɓe, badi ma haka. Ba ranar da aka gama gini ba ce ta tsayar da ita, komawar da ake yi ce, da aikin gayya, kowane ɓangare da masu alhakinsa. Ranar da aka daina komawa, ruwa ya ɗauki rabonsa, masu ɗiban ƙasa da masu faɗaɗa gida suka ɗauki sauran. Yau yaro ɗan sakandare zai wuce ta inda ganuwa take a da, a ransa sunan tashar Keke Napep ne kawai.

Na san wani zai ce min, Malam, ganuwa ai aikin gwamnati ne da masarauta, mu da karo-karon naira dubu-dubu me za mu iya? Gaskiya ne, ba wanda ya ce ku sake gina ta. Amma kwashe bolar da ke jibge kusa da ƙofar da kuka sa a rigarku bai fi ƙarfinku ba. Yashe kwatar da ledar ruwa ta toshe kafin ruwan Agusta ya shiga ɗakunan mutane bai fi ƙarfinku ba. Kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa yana nan cikin gari, baƙi na tahowa daga nesa don su gani, alhali akwai 'yan firamaren da ke maƙwabtaka da shi ba su taɓa leƙawa ba. Motar haya ɗaya da malami ɗaya sun isa. Dattawan da suka ga ganuwar da tsayinta kuma suna ta ƙarewa, wayar da ke ɗaukar hoton yanke ƙyalle za ta iya naɗar muryarsu.

Sannan a riƙa bi ta hannun mai unguwa da liman, ba don su zo su yi addu'ar buɗe taro kaɗai ba. Shugaban ƙungiya wa'adi gare shi, mai unguwa kuwa yana nan. Idan tun farko an damƙa masa aikin a gaban jama'a, an naɗa mutum biyu masu karɓar ɗan abin gyara, an ajiye lambar mai gyaran, da wuya rijiya ta shekara a mace.

Shawarata ga shugabannin da ke shirin kasafin bana: kafin ku zaɓi sabon aiki, ku ɗauki takarda ku zagaya duk inda ƙungiyarku ta taɓa kafa allo. Ku rubuta wanda ke aiki da wanda ya tsaya, ku karanta wa mambobi a taro na gaba, sannan a yi maganar kuɗi.