Ikilisiyar da ta aiko mana da bishara

'Yan'uwa a cikin Kristi, salama gare ku.

Duk wanda ya tashi a LCCN, wato Ikilisiyar Lutheran ta Kristi a Najeriya, ya san sunan Dakta Niels Brønnum, likitan nan ɗan ƙasar Denmak da ya iso Numan a 1913. Matarsa ta rasu bayan haihuwa a wannan shekarar, tun bai kai Numan ba, amma bai juya ba. To, wace irin ikilisiya ce ta reni mutum mai wannan zuciya?

Wajen 1525 wani malamin addini, Hans Tausen, wanda ya yi karatu a Wittenberg ta Jamus inda Martin Luther yake koyarwa, ya fara wa'azi a garin Viborg na Denmak da harshen mutanen garin. Manomi da maƙeri da suka saba tsayuwa ana yi musu sujada da Latin, ba su fahimtar komai, sai ga su suna rera waƙar yabo da bakinsu, suna gane abin da suke faɗa. A 1536 Sarki Christian na Uku ya mai da ƙasar ta Lutheran, wato mai bin koyarwar Luther, a 1550 kuma aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da harshensu.

Yau fa? Fiye da kashi biyu cikin uku na 'yan Denmak sunansu yana cikin rajistar ikilisiyar ƙasa. Suna biyan harajin coci, suna kawo jarirai baftisma, a ɗaura aure a can, a yi jana'iza a can. Amma ranar Lahadi a buga ƙararrawa, fasto ya hau bagade, ya tarar da 'yan tsofaffi kaɗan a warwatse kan benci. Wannan yana yi mini ciwo, domin iyayenmu ne a cikin bangaskiya, kuma har yanzu akwai masu aminci a cikinsu da suke riƙe da mu a addu'a.

Kada mu ce wannan ba zai same mu ba. Tun 1932 muke da Littafi Mai Tsarki da Hausa, amma gida nawa ne ake buɗe shi in ba ranar Lahadi ba? Ɗanka ya san hanyar coci, ya san kayan zumuntar mata na uwarsa, amma ya taɓa jin muryarka kana karanta masa Zabura?

Baba, mama, daren yau a kashe talabijin, a ajiye waya, a tara yara a karanta Kubawar Shari'a sura 6. In kun durƙusa, ku ambaci ikilisiyar Denmak da sunanta.