Jirgin kwana da zanen anko

Yaran yanzu ba sa yarda idan ka ce musu an yi zamanin da mutum zai shiga jirgin ƙasa a Kumasi bayan isha'i, ya miƙe ƙafa a kan gado, gari ya waye masa a hanyar Takoradi. Abin da suka sani kawai shi ne 'yan kasuwa sun baje kaya a kan layin dogo. To, an yi, ni ma na shiga, tun ana kashe tsohon sidi, kuɗin Ghana, kafin canjin kuɗi na 2007. Hutun makaranta ne, yayan uwargida da ke Sekondi, dab da Takoradi, ya matsa mu kawo yara su ga teku. Na ce mota ba girmanmu ba ne, jirgin kwana za mu hau, ɗaki mai gado huɗu, biyu sama biyu ƙasa.

Kafin mu kai Bekwai na gama ba su tarihi: Turawa ne suka shimfiɗa layin daga Sekondi saboda zinaren Tarkwa da Obuasi, ya iso Kumasi a 1903. Babban ya ce shi ya sa yake tafiya da nishi. Tafiyar ba ta ma kai kilomita 300 ba, amma dare guda take cinyewa. Aka buɗe kular waakye, wato shinkafa da wake, aka bi da sobolo, wato zoɓo, na tsakiyan ya sha nasa ya shanye na auta. Mazan biyu suka haye sama, uwargida da auta a ƙasa, ni ma a ƙasa. Sai na kafa doka da babbar murya: dare ne, akwai ɓarayi, kada a buɗe wa kowa ƙofa, ko da ya ce ni ne.

Mun wuce Obuasi na ji ɗumi yana sauka a ƙirjina. Na ce ruwan sama ne, ai cikin kurmi muke. Sai na tuna akwai gado tsakanina da rufi, kuma akwai mai sobolo a kan gadon. Riga ta jiƙe, wando ya jiƙe. Akwatina yana ƙarƙashin gadon uwargida, an danne shi da doyar tsaraba. Ko ido ba ta buɗe ba, ta laluba ta wurgo mini zane. A cikin duhu ban san wanne ba ne. Na ɗaura, na ja yaron zuwa bayi a ƙarshen tarago. Ya riga ni gamawa, ya ruga ɗaki, ya ja ƙofa, na ji sakata ta ce ƙas.

Na ƙwanƙwasa a hankali. "Maman yara, buɗe."

"Waye?"

"Ni ne."

"Maigidana yana ciki yana barci."

Bargona ta gani a duƙunƙune. Tun da aka ɗaura mana aure matar nan ba ta taɓa bin maganata kai tsaye ba sai a daren nan. Na kira sunanta, na kira sunan mahaifinta, na faɗi sadakinta. Sai na ji babban yana raɗa mata, "Mama, Baba ya ce ko da ya ce shi ne."

Daidai nan jirgi ya tsaya a Dunkwa, hasken tasha ya shigo ta taga, na dubi jikina. Zanen ankon bikin ƙanwarta ne, mai manyan furanni ruwan ɗorawa, wanda duk unguwar Aboabo babu macen da ba ta da shi. Sama babu ko singileti. Ƙafa ɗaya silifas ɗina, ɗaya nata. Ga mai duba tikiti ya taho da tocila. Ya fara haska ƙafa, ya hau sama sannu a hankali, ya daɗe a kan furannin, sannan ya kai fuska. Ya tambayi tikiti da yaren Fante. Na amsa da yaren Twi cewa yana cikin wando. Ya ce ina wandon? Na nuna ƙofa. Ya ƙwanƙwasa da kansa, aka ce masa mai ɗakin yana barci.

Sai ƙofar maƙwabta ta buɗe. Duk mutanen da Allah ya halitta, sai Alhaji mai goro. Kun san shi, ba sai na faɗi suna ba. Mutumin da muke sahu ɗaya da shi a masallaci, wanda na taɓa tura motarsa daga unguwar Alabar har gidan mai cikin rana. Kalma ɗaya zai ce, "na san shi," magana ta ƙare. Ya gyara hula, ya ɓare goro, ya jefa a baki, ya ce wa mai tikiti fuskar dai kamar ya santa, amma zanen ya fi sani. Sannan ya juyo gare ni: "Malam, ashe kai ma ka yi ankon? Mu ba a kawo mana ba."

Wannan mutumin fa ko kuɗin tikitin kirki ba ya son biya, na tabbata wani ne ya saya masa gadon. Kuma har yau yana riƙe da tabarmata da ya ara ranar sunan jikansa. Idan ka tambaya sai ya ce wace tabarma. Kafin mu dawo daga hutu labari ya riga mu isa unguwa, ya ƙara masa ɗankwali da janbaki. Ɗankwali! Yaran makarantar allo suna ganina suna rufe baki da allo. Na daina sayen goro a wurinsa, ina ratsawa har kasuwa, duk da nasa ya fi kyau, wannan kam ba zan ci amanar goro ba.

Ƙofar dai ba a buɗe ta ba sai da auta ta tashi tana kuka, aka yaye bargo aka ga babu kowa. Uwargida ta leƙo, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce na ɗaura zanen a baibai.

Tekun ma da muka je, na tsakiyan ya ga igiyar ruwa ya fasa ihu, ya ƙi sauka daga wuyana. A mota muka dawo.